Na'urar da Take Amsawa a Madadin Mai Kunya

A yawancin makarantun ƙasar Hausa, idan malami ya gama bayani yakan tambayi ɗalibansa, "Kun gane?" Su kuma sai su amsa da murya ɗaya, "Mun gane!" Sau da yawa wannan amsa ladabi ce kawai, domin yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya son ya nuna wa babba cewa bayaninsa bai shiga ba.

Da irin wannan tarbiyya wata yarinya 'yar Zariya ta isa garin Largo da ke jihar Maryland, gabas da birnin Washington. A garin akwai kwalejin al'umma ta Prince George's, wadda aka kafa a shekarar 1958, inda matasa da magidanta masu aiki da baƙi daga ƙasashe daban-daban suke karatu tare. Yarinyar tana da ƙwazo, amma ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Tana jin nauyin malami, tana kuma tsoron a yi wa harshenta dariya.

A ajin kimiyyar lissafi ne ta fara riƙe wata 'yar na'ura mai kama da rimot, wadda ɗalibai suke kira kilika. Malami yakan haska tambaya a allo tare da amsoshi huɗu ko biyar, kowa ya danna maɓallin da ya zaɓa. Nan take kwamfuta za ta nuna yawan waɗanda suka zaɓi kowace amsa, ba tare da bayyana sunan kowa ba.

Wata rana aka tambaye su: idan tirela ta yi karo da ƙaramar mota, wacce ce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Ta zaɓi tirela, kuma sai ta ga ba ita kaɗai ba ce. Malamin bai faɗi amsa ba, ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi. A cikin wannan gardama ce ta fahimci dokar Newton ta uku: ƙarfin bugun ɗaya ne a ɓangarorin biyu, sai dai ƙaramar motar ta fi jigata saboda rashin nauyinta.

Wannan hanyar koyarwa tana da tarihi. Eric Mazur, malami a Jami'ar Harvard, ya lura cewa ɗalibansa suna iya warware lissafi mai wuya, amma suna faɗuwa a tambayoyi masu sauƙi da suke neman fahimta. Daga shekarar 1991 ya fara sa su suna jefa ƙuri'a a kan amsa, su tattauna, sannan su sake jefawa. A 1998 Richard Hake ya wallafa nazari a kan ɗalibai fiye da 6,000, ya nuna cewa azuzuwan da ake damawa da ɗalibai sun samu ci gaban da ya ninka na azuzuwan lacca zalla. A 2009 kuma masu bincike a Jami'ar Colorado suka gano cewa tattaunawar tana amfani ko da babu wanda ya san amsar a cikin rukunin tun farko.

Sai dai na'urar tana da matsalolinta. Idan malami ya ɗora maki mai yawa a kan amsar daidai, tsoro yakan dawo, ɗalibi ya riƙa leƙen abin da maƙwabcinsa ya danna. Akwai kuma mai zuwa da na'urar abokinsa da bai zo ba, ya danna masa. Shi ya sa malamai da yawa suke ba da makin a kan shiga cikin aikin, su bar auna iyawa sai ranar jarrabawa.

A yau wayar hannu ta karɓi wannan aiki a makarantu da dama, kuma inda babu lantarki ana iya yin sa da katuna masu launi. Ita dai yarinyar ba ta rabu da kunyarta ba, har yanzu takan sunkuyar da kai idan tana magana da malami. Amma kafin zangon karatu ya ƙare, ta fara tsayawa bayan darasi ta ce, "Malam, akwai wurin da ban gane ba."