Hazo ba ya tambayar shekarun mota

A Gamkalle, kusa da unguwar masana'antu ta birnin Yamai, akwai dattijon da ke riƙe da Peugeot 504 tamkar ɗiyarsa ta fari. Duk lokacin bizit yakan wanke ta, ya ɗaure birki, ya karɓo takarda. Sai dai motar ba ta da fitilar hazo ta baya, wato jar fitilar nan mai ƙarfi da ke sanar da na baya cewa akwai mota a gabansa.

Hujjarsa ita ce haka aka ƙero ta, kuma bai yi ƙarya ba. An fara ƙera 504 a 1968. Ingila ba ta wajabta wannan fitila ba sai ga motocin da suka hau hanya daga Afrilun 1980, Faransa kuwa daga Oktoban 1990. Tsofaffin da suka riga dokar an ɗauke musu.

Amma rangwamen ya fi dacewa da motar ado, wadda ake fiddawa ranar Lahadi. Ta dattijon ita ke ciyar da gida. Idan hunturu ya kama, hazo ya rufe hanyar Doso da asubahi, direban babbar mota ba ya ganin ƙananan fitilunta sai ya iso kanta, alhali cikinta ƴan kasuwa ne da ma'aikata.

Takardar bizit tana gamsar da jandarma, ba ta haska hanya. Fitila guda, da waya da makunni, aikin yini ɗaya ne wurin mai gyaran wutar mota. Rigakafi ya fi magani.