Ledar da Ban Ɓare Ba

Ran Lahadin da ta wuce autana ya kira ni daga Shikago, ya juya fuskar wayar yana zagaya wata mota baƙa wuluk. "Baba, ga ta nan, sabuwa dal, ba wanda ya taɓa hawa." Na ce Allah ya sa a kashe lafiya, ya tsare sharrin ƙarfe. Sai ya ƙara, da muryar wanda yake ganin ya yi dabara, wai har ya biya dilan an shafa mata maganin kare fenti, an kuma fesa wa kujerun maganin tabo. Na ce nawa? Ya ce kusan dala dubu, amma ba zai ji a jikinsa ba tunda an zuba a cikin bashin motar, shekara 6 zai yi yana biya kaɗan-kaɗan.

Na yi shiru har ya ɗauka layi ne ya yanke. Ranar murna ba a yi wa yaro faɗa, don haka na haɗiye maganar. Amma ban yi barci ba. Abin da yaron nan ya saya na san shi, ni ma na taɓa sayensa a 1978, sai dai nawa leda ce.

Waɗanda suka ga zamanin sun san yadda aka yi. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, ya faɗo a 1975, a shekarar kuma kamfanin Peugeot ya soma haɗa mota a Kakuri, nan Kaduna. Kowane ma'aikaci burinsa 504, Fijo kamar yadda muke ce mata. Ni sai bayan shekara 3 na samu tawa, fara tas. Ta zo da leda a kujeru, na rantse ba mai ɓare ta. Da ta soma yagewa na kai wa mai ɗinkin kujeru ya sa mini wata mai kauri. Watan Afrilu in ka zauna a kai sai rigarka ta manne da baya, in za ka tashi ka ji "ɓaaat". Uwargida ta yi magana har ta gaji. Yara kuwa sai sun nuna mini tafin hannu kafin su shiga, wanda ya ci ƙosai ya bi mu a ƙasa.

Bari in ajiye wannan tukuna. Shekara 31 na yi a sashen kula da motocin gwamnati, ina da kuma abokai masu fenti a Panteka, saboda haka abin da zan faɗa a kan fenti gani ne ya kori ji.

Fentin Fijo ta zamaninmu launin ne a waje, rana na dukansa kai tsaye. In ya kwana biyu ka goga da tsumma sai ka ga launin a jikin tsumman kamar alli. Shi ya sa muke ta fama da folish duk Asabar. Motar yanzu ba haka take fitowa ba. A masana'anta ana tsoma gangar jikin gaba ɗaya a cikin ruwan maganin tsatsa da lantarki, a fesa shimfiɗa, a fesa launi, sannan a rufe da wani fenti garai-garai kamar ruwa, wanda masu fenti suke ce wa kiliya, a gasa a tanda. Duka-duka kaurinsu bai fi na takarda ba sosai, amma kiliyar nan aikinta ke nan, ta tare rana da ruwa. Motar da ta fito daga leda ta riga ta zo da rigarta. Sannan yawancin kamfanonin da ke sayar da mota a Amurka suna ba da garanti na shekara 3 ko mil 36,000, na hudawar tsatsa kuma shekara 5 ko fiye. In fenti ya ɓare saboda kuskuren masana'anta, su za su gyara, ko ka biya dila ko ba ka biya ba.

To me dilan yake shafawa? Galibi wani ruwa ne mai santsi, ɗan'uwan folish, wanda yaron wanki zai shafa ya goge kafin ka gama cike takardu. Yana sa ruwa ya riƙa gangarewa ɗigo-ɗigo, abin sha'awa, amma watanni yake yi ya wanke. Kakin da muke amfani da shi a da, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Barazil, shi ma haka yake, sai dai bai kai shi daɗewa ba. Na kujera kuwa feshi ne na gwangwani. Kamfanin 3M ya soma sayar da irinsa, Scotchgard, tun 1956, bayan wani sinadari ya zube a kan takalmin wata ma'aikaciya a ɗakin gwaji aka ga ruwa da mai ba sa kama wurin. A 2000 ma sai da suka sanar za su daina amfani da ainihin sinadarin, don an gano ba ya ruɓewa, yana taruwa a jinin mutane. Gwangwanin yana nan a kantuna, kuɗinsa bai kai na abincin rana na mutum biyu ba. Abin da za ka fesa da hannunka bayan sallar la'asar, shi aka sa wa ɗana a takarda da dogon suna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wurin da ake sayar da shi. Ba a filin da motoci suke ake kawo maganar ba. Sai ka gama ciniki, ka gaji, ranka ya riga ya shiga motar, sannan a kai ka wani ƙaramin ofis wurin mai takardun bashi. Shi zai soma tambayarka: kana da yara? Kana ajiye mota a waje? Ka san kashin tsuntsu yana cin fenti? Duk gaskiya ce yake faɗa, kuma da gaskiyar yake kama ka. Ba zai ce dala dubu ba, zai ce 'yan daloli ne a wata. Ka sa hannu, kuɗin ya shiga cikin bashi, ruwa ya hau kansa. Maganin zai wanke kafin shekara ta zagayo, kai kuwa kana biyan kuɗinsa da ruwansa har shekara ta shida. Ban ma shiga maganar riba ba, wannan tsakanin yaron da malamansa. Tun 1958 dokar Amurka ta tilasta a manna takardar farashin masana'anta a gilashin kowace sabuwar mota. Dila sai ya manna tasa ƙaramar takardar a gefe, a nan ake jera irin waɗannan ƙare-ƙaren. Da muka sake magana daga baya, na ce wa yaron ka karanta ta biyun? Ya ce ya ɗauka duk ɗaya ne. Mutum da digiri biyu!

Ya ce ai akwai garanti, Baba, in ta yi tabo za su gyara. Na ce ɗauko takardar ka karanta mini inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Ya karanta: ban da tsakuwa, ban da ƙarzuna, ban da ƙunar taba, ban da yagewa, kuma sai ka kai ƙara cikin kwanakin da suka ƙayyade. Na ce to me ya rage? Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ina zaginsa a zuci, sai na tuna ba ni da bakin magana.

Daminar 1980 ce, wajen ƙarfe 2 na dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka buga mini ƙofa. Maƙwabcina ne, malamin makarantar allo, ko hula babu a kansa. Ya ce, "Alhaji, iyali ce take naƙuda, jini ya ɓalle, ungozoma ta ce sai asibiti." Kalmar jinin nan ita kaɗai na ji. Kujeruna suka faɗo mini a rai, kujerun da ke cikin leda mai kauri, wadda ko bokitin jini aka zuba tsumma ɗaya zai share. Na ce, "Wallahi Malam, ba mai a motar." Alhali da la'asar ɗin ranar shi ya taya ni buɗe ƙyauren gareji da na dawo daga gidan mai. Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya juya cikin ruwa. A bayan akori-kurar wani mai kayan gwari aka kai ta, an shimfiɗa mata tabarma a kan buhunan albasa. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, ɗan ma ya rayu. Ran suna na kai rago. Ya karɓa, ya yi godiya, ya yi mini addu'a. Bai sake roƙona komai ba har ya bar duniya, ko ashana.

Shi ya sa da yaron nan ya ce maganin tabo, cikina ya ɗuri ruwa. Dala dubun ba ta dame ni kamar abin da take koya wa mutum ba. Wanda ya biya kuɗi don kada kujera ta ɓaci, gobe idonsa na kan kujerar, ba kan wanda ya zauna ba. Na san wannan ciwon, ba a littafi na karanta ba.

Kuma cutar ta iso gida. Je ka Abuja ko Kano ka ga samari, mota 'yar Kwatano wadda wani Bature ya gama morewa, gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙarƙashinta, amma an kai ta an shafa mata seramik da kuɗin da ya isa sayen taya huɗu. Taya kuwa ta suɗe kamar tafin hannu. Juye ya wuce lokaci da wata 3, baƙin man ya zama kamar kwalta. Lagireto ruwan rijiya ake ɗura masa. Mota tana ƙyalli a Facebook, tana tari a kan hanyar Zariya. Sannan da hunturu ya shigo, maigadi ya ɗauki busasshen tsumma ya bi jikinta yana share ƙura, wato yana goga mata yashi ke nan, da yamma kuma a wanke da garin sabulun wankin kaya, wanda ke kwashe duk wani folish. Wa ya gaya musu?

Kada a ce tsoho ya ce a bar mota ta lalace. Ban ce ba. Seramik na gaske, wanda ake yi da sinadarin silika irin na gilashi, in gwani ya wanke fentin ya goge shi sosai kafin ya shafa, yana kai shekaru, kuma wanki yana sauƙi. Aikin yini guda ne ko biyu, ba na rabin sa'a ba, kuma ko shi ba ya tare tsakuwa. Mai tare tsakuwa wata leda ce garai-garai da ake mannawa a gaban mota, wadda asalinta don fukafukan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka aka yi ta lokacin yaƙin Biyetnam. Mai yawan bin bayan tirela a babbar hanya, in yana da hali, ya sa ta a hancin motar, ba zan hana shi ba. Ka ji ni, ni da na gama tsine wa leda ina yabon leda. Haka tsufa yake. Amma a je wurin mai sana'ar, a yi ciniki ido da ido, a biya hannu da hannu, ba a ofishin bashi ba.

Sauran kuwa ba kuɗi suke ci ba. Inuwa ta fi kowane magani, amma ban da ƙarƙashin darbejiya ko mangwaron da jemagu ke kwana, don kashinsu in ya bushe a rana yana barin zane a kiliya. Ka gan shi, ka jiƙa, ka ɗauke a ranar. Ka zuba ruwa ƙura ta gangara kafin tsumma ya taɓa jiki. Shayi ya zube a kujera, a danna tsumma ya tsotse, kada a cuɗa. Jikoki kuma, gaskiya har yau ba na yarda su shiga motata da alale mai manja. Uwargida takan ce, "Alhaji, halin nan dai yana nan." Yana nan, raguwa ya yi.

Fijon nan a 1992 na sayar da ita, bayan injin ya buga a Kwanar Dangora saboda na yi ta ɗaga juye, lokacin SAP, manufar gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ta riga ta matse kowa. Wani direban haya ne ya saya. A gabana ya zaro wuƙa ya farke ledar. Yadin ya fito shuɗi shar kamar ranar da ta bar Kakuri, shekara 14 ban taɓa jin laushinsa a jikina ba. Na ce ka ga kujeru, ai ka ƙara wani abu. Ya ce, "Alhaji, inji nake saya." Ko kwabo bai ƙara ba. Bayan mako guda na gan ta a tashar Kawo, an cusa mutum huɗu a baya, wata mata da kaji biyu a cinya.

Shekaranjiya na sake kiran autan. Na ce ya koma wurin dilan ya nemi a cire kuɗin. Ya je, suka ce an riga an shafa, ba a mayarwa. Na ce to shi ke nan, kuɗin makaranta ka biya, amma ka gaya wa ƙannen matarka da abokanka, duk wanda aka kai ofishin nan ya ce ba ya so, ko a cire ko ya tashi. Sannan na ba shi labarin daren 1980, wanda ko uwarsa ba ta san ainihinsa ba, don ita ma ce mata na yi ba mai. Ya yi shiru, ya ce, "Baba, wane malamin?" Na gaya masa. Ya san ɗan, tare suka yi ƙwallo da yayyensa a ƙofar gida. Na ce kada ka faɗa masa, ni zan faɗa masa da bakina ran Juma'a in mun sauko daga masallaci.