Zango Ɗaya a Dutsen Bagzan

Ɗan'uwa mai karatu, ka san kantun gishiri. Kana ganinsa a kasuwar Balbeji da ta Tanut. Kana saya wa dabbobinka su lasa. Amma ka san ƙasar mutanen da suke kawo shi? Ni na taka zango ɗaya a can da ƙafata. Gani ya kori ji.

Mu nan Tarka ƙasarmu a shimfiɗe take. Arewa da mu, bayan Agadas, akwai ƙasar Azbin, ita kuwa duwatsu ce. Babbansu shi ne Bagzan. Tsawonsa mita 2,022 ne, babu wanda ya kai shi a duk Nijar. A bisansa akwai fili da ƙauyuka da lambuna.

Na je can da sanyin shekarar 2019. Mota ta ajiye ni a Tabelot, kusa da gindin dutsen. Daga nan sai ƙafa da jaki. Na sami jagora, wani dattijo Ba'azbine mai jin Hausa. Tun da dare ya duba takalmana, ya cika salka biyu. Ya dama gero da cuku da dabino, ya ce guzurinmu ke nan. Na tambaye shi geron ina ne. Ya yi dariya ya ce, "Naku ne, malam. Na Damargu."

Mun tashi da asuba. Da farko muka bi ƙorama busasshiya mai yashi. Dama da hagu lambuna ne na albasa da alkama. Can sai kwarin ya tsuke, duwatsu suka tashi kamar ganuwa. Hanyar ta zama siririya, mutum biyu ba sa jerawa. Jaki yana gaba, yana zaɓen wurin sa ƙafa, mu muna binsa.

Ka ji yadda ake hawan dutse. Ba a gaggawa. Taku gajere ake yi. Ba a jiran ƙishirwa ta yi tsanani, kurɓi kaɗan kaɗan ake sha. In za ka dubi ƙasa, tsaya tukuna. Kuma ba a shiga kwari in hadari ya taso, don ruwa yakan gangaro daga bisa ba sallama, ya tafi da mutum da dabba. Dattijon ya girme ni da shekaru da yawa, amma ko haki bai yi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Da rana ta take, muka sauka a gindin wani dutse inda ruwa yake tsattsafowa. Muka sha fura, jakin ma ya huta. Da la'asar sakaliya muka kai bisa. Gwiwoyina suna rawa. Mutanen ƙauye suka shimfiɗa mana tabarma, suka dafa shayi. Da dare sanyi ya sauka irin wanda ban taɓa ji ba a Tarka.

A nan na ji yadda ayari yake. Bayan damina maza sukan ɗaure wa raƙuma kaya. Madugu ya ja su gabas, su ratsa hamadar Tenere har Fashi da Bilma. Su ba da gero, su karɓo gishiri da dabino. Su komo gida su ɗan huta, sa'an nan su gangaro Damargu da ƙasar Hausa neman gero. Wata da watanni mai gida ba ya ganin iyalinsa. Yanzu manyan motoci sun karɓi yawancin kayan, amma cinikin tsohon abu ne. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdul Karimu, ya biyo ayarin gishiri daga Azbin, ya iso Damargu a watan Janairu na 1851.

A ƙasar Turai ma ana irin wannan tafiya, amma don sha'awa. Akwai hanyar ƙafa da ta kewaye dutsen Mon Bulan. Tsawonta wajen kilomita 170 ne, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Su suna biyan kuɗi su taka. Abzinawa kuwa abinci suke nema.

To, ɗan'uwa, ga abin da na komo da shi. Lambun dutse ba ya cika rumbu. Mutanen can da geronmu suke dama fura, dabbobinmu kuma da gishirinsu suke ƙiba. In baƙo ya durƙusar da raƙuminsa a bakin garinku, ka ba shi ruwa da wurin sauka. In kun zo awo, ka cika masa tiya yadda kake so a cika maka. Daga nesa ya fito, kuma ƴaƴansa suna can bisa dutse suna jiran geron nan.