Layin Tip Toe da kuɗin albasa a aljihu

Shekarata goma sha tara a Ankara, amma sai cikin hunturun da ya wuce na taɓa shiga layin Tip Toe da niyyar sayen wani abu. Da can wucewa kawai nake yi, hannu ɗaya a kan aljihu, ina sauri in kama mota. Ni mutumin albasa ne. Daga Galmi ake ɗoro mana ita, ta ratso Burkina, ta shigo ta Paga, ta bi Tamale da Kumasi kafin ta iso hannunmu. In ka ajiye mini buhu, ko ban kwance bakinsa ba zan gaya maka ko ta sha rana ko ta kwana cikin laima. Amma kwamfuta, wallahi ban san gabanta ba balle bayanta.

Abin da ya kai ni shi ne 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Ummi. Ta samu gurbin karatun akanta a jami'a, ita ce ta farko a gidanmu kaf da ta kai nan, kuma aka ce ba a yin karatun sai da laftof. Na ware sidi 5,000. Duk ɗan kasuwa ya san ma'anar cire irin wannan kuɗi daga jari, ga kuɗin mota ya ƙaru saboda halin da hanyar Burkina ke ciki, ga mai gida yana jiran haya ta shekara gaba ɗaya, ga tsohuwa a gida tana jiran aike.

Ni da Ummi kowa da abin da ke ransa muka fito daga Nima. Ita ta ga wata siririya a hannun ƙawarta, ita take so. Ni kuwa mai araha nake nema, kuma ina da dalilina. Kafin a tashe mu a watan Yulin 2021 a mai da mu Ajen Kotoku, kasuwarmu tana Agbogbuloshi, daf da filin da samari ke fasa matattun kwamfutoci suna ƙona wayoyinsu don fitar da jan ƙarfe. Shekaru na yi ina shaƙar hayaƙin nan. Na ga ƙarshen mai tsada, na ga ƙarshen mai araha, duk tsibi ɗaya ake zuba su. Sai na ɗauka tunda makomarsu ɗaya, asara ce mutum ya biya da yawa.

Toro-toro ta sauke mu a shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke ce wa Sakul. Wanda ya bar Ankara kafin 2016 ba zai gane wurin ba yanzu, don a shekarar aka buɗe gadojin saman da suka hau kan juna, har mutane suka riƙa kiran wurin Dubai. Amma ƙarƙashin gada Sakul na nan yadda ka san ta: yaran mota na kiran Kaneshi da Acimota, masu wa'azi da lasifika, masu canjin kuɗi, mai dafaffen ƙwai da yaji a tire, ga warin rafin Odo da iska ke kaɗowa. Duk lokacin da na taka wurin sai na tuna daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu. Na yi musu addu'a a zuci, muka tsallaka.

Layin Tip Toe ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa jerawa cikin daɗi. Tun daga baki samari ke tare ka, wannan ya yi maka tsaki, wancan ya ja maka hannun riga, kowa da waya a tafinsa. Akwatunan gilashi jere cike da wayoyi, a sama kuma benaye masu shaguna kamar ramukan kurciya. Za ka ji Turanci, ka ji Tuwi, ka ji Ibo, ka ji Zabarmanci, ka ji Hausarmu ta zango. Baƙi da yawa ke cin abinci a layin nan, kuma sun ɗanɗana tasu, don a 2019 da 2020 an sha garƙame shagunan baƙi a kan dokar da ta ce ƙaramin ciniki na 'yan ƙasa ne. Na riƙe hannun Ummi kamar tana 'yar shekara biyar, ba ta ma ce in sake ta ba.

Sa'ar da muka yi ita ce ɗan wani maƙwabcinmu yana gyaran kwamfuta a ƙarƙashin matakalar wani bene. Teburinsa bai fi faifai uku ba, cike da sukurori da mushen na'urori. Da ya gan ni ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Baba, kai ne yau a layinmu? Lafiya dai?"

Na gaya masa. Ya tambayi Ummi abin da za ta karanta, da irin aikin da za ta riƙa yi. Ta ce lissafi a Excel, rubutun aikin makaranta, darasi ta intanet, sai kallo jefi-jefi. Ya rufe teburinsa da tsumma, ya hau da mu bene wurin wani mai shago da yake hulɗa da shi. Kusan duk kayan shagon na hannu ne, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su aka auno a kwantena. Ya sa aka sauko da guda uku, duk ThinkPad, duk baƙaƙe. Ni dai a idona uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta farko T470 ce, ta 2017, aka ce sidi 2,600. Ta biyu T480, ta 2018, sidi 3,600. Ta uku T14, ta 2020, sidi 5,800, ita ce ta fi kama da ta ƙawar Ummi. Idona ya tsaya a kan ta farko, don na ga an manna mata i7, sauran kuwa i5. Na ce ai ga ta nan, ta fi lamba kuma ta fi araha.

Yaron ya yi dariya. "Baba, in an kawo maka babban buhu na albasar bara da madaidaicin buhu na ta bana, wanne za ka ɗauka?"

Ya kunna su, ya nuna mana sunan injin kowacce. Ta farko i7-7600U, ta biyu i5-8350U, ta uku i5-10310U. Ya ce lambar da ke biye da ɗan layin nan ita ce zubin injin: na bakwai, na takwas, na goma. Injin zubi na bakwai na irin waɗannan kwamfutoci ma'aikata biyu ne a cikinsa, ko da an rubuta masa i7. Daga zubi na takwas aka mai da su huɗu. Saboda haka i5 ta 2018 ta fi i7 ta 2017 jan kaya in aiki ya taru.

Sannan ya kawo maganar da ta kashe mini jiki. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai ɗan wa'adin gyaran tsaro da ya ƙara wa masu so zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa, a ƙa'idar kamfanin, daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa. Na ce to ai ga Windows 11 nan a kan ta farkon, da idona nake gani. Ya ce ta bayan gida aka shigar da ita, ana yi, tana kuma aiki, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata da gyara ba. Yarinyar da za ta yi shekara huɗu tana karatu, ya ce, bai kamata a ɗora ta a kan wataƙila ba. Araha ba ta ado. Na ture T470 gefe, raina bai so ba.

Ummi ta ga an kayar da ni, sai fuskarta ta washe, ta jawo T14 gabanta tana shafa murfin. A nan ne na ji tsoro, don kuɗin da ke aljihuna bai kai ba. Mai shago ya sauko zuwa 5,500 ya tsaya. Cikon 500 ɗin daga kuɗin direban da ke hanya zan ciro shi, kuma na san halina, in ta ce ita take so ba zan iya cewa a'a ba.

Na ce wa yaron, "Ka gaya mini tsakaninka da Allah, me wannan ta fi waccan da shi har sidi dubu biyu?"

Ya ce ta fi ta ƙuruciya da shekara biyu, wannan gaskiya ne, kuma shekara biyu ba wasa ba ce ga batir da madannai da maƙalan murfi. Ta fi ta sirantaka, ta ɗan fi ta sauƙin ɗauka. Amma injinta ma'aikata huɗu ne kamar na T480, bambancin gudunsu a aikin Excel sai mai agogo a hannu zai gane shi. Ya kife su duka biyu ya nuna mana cikinsu. T480 ramin ram biyu gare ta, ka cire ka sa yadda kake so. T14 rami ɗaya ne, ɗaya ram ɗin an liƙe shi da allon injin, in ya lalace sai babban gyara. T480 kuma batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a baya wanda ake zarewa da hannu a sa wani. Duk wanda ya zauna Gana a 2015, lokacin da dumso ta yi ƙamari, ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan ba.

"Da zanen gini za ta karanta ko haɗa bidiyo," in ji shi, "da na ce duk ukun a bar su a nemi wata. Amma akanta? Ƙanwata, wannan ta ishe ki har ki gama."

Ummi ba ta ce komai ba. Na san shirun nan, irin na uwarta ne. Na ce mu sauka mu ci abinci tukuna. Muka zauna a benci wurin wata mai wake da shinkafa, aka zuba mana a ganye da shito da taliya. Sai da ta ci rabi sannan ta ce, "Baba, ba wai gudun ba ne. Kowa zai ga tawa tsohuwa ce."

Ban yi mata faɗa ba, don na san abin da take nufi. Ni ma na taɓa shiga banki a garin nan da warin albasa a rigata, na ga yadda aka matsa. Na zaro takarda na rubuta mata lissafin kamar yadda nake yi wa abokin ciniki. Ga abin da ke hannu. Ga abin da direba ke bi. Ga haya. Ga na kakarta. Na ce, "Ummi, ke ce akantar gidan nan daga yau. In kin ce a sayi sabuwar, wallahi zan saya, in nemo cikon. Duba ki gaya mini."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta karɓi biron, ta gyara mini wani wuri da na yi kuskuren tarawa, sannan ta ce, "A ɗauki ta tsakiyar. Amma a ƙara mata ram, a sa sabon batir, kuma ni zan zaɓi jaka."

Da muka koma, yaron bai bari an biya ba sai da ya bi ta gaɓa-gaɓa, kuma ina ba duk mai niyyar saye shawarar ya yi haka. Ya shiga BIOS ya tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ba, don kwamfutocin ofis kan zo a kulle. Ya rubuta powercfg /batteryreport, ta fito da ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa yanzu. Ya mai da fuskar fara fat, ya mai da ita baƙa, yana neman tabo. Ya danna kowane harafi, ya gwada kyamara da lasifika da kowace kafa ta USB, ya tabbatar ma'ajiyarta SSD ce, ya jona caja ya ga tana ɗauka. Ya sa mai shago ya rubuta lambar jikin kwamfutar a rasit, da kwanakin da za a iya dawo da ita in ta ba da matsala.

Ciniki kuwa nawa ne, nan ba mai koya mini. Daga 3,600 muka tsaya a 3,300. Ƙarin ram ya kai ta 16, ya ci 450. Batirin baya 550. Duka 4,300. A cikin ragowar 700 aka sayi jaka da soket mai kare kaya daga tsallen wuta, na sallami yaron duk da ya ƙi karɓa sai da na ambaci sunan babansa, har muka yi kuɗin mota da saura.

Abin da na fito da shi daga layin nan shi ne, "sabuwa" ba amsa ba ce, "mai araha" ma ba amsa ba ce. Tsakanin ta 2017 da ta 2018 shekara ɗaya ce tak, amma sidi dubun da ke tsakaninsu ya cancanci a biya. Tsakanin ta 2018 da ta 2020 shekara biyu ce, amma dubu biyun ba su sayo wa Ummi abin da karatunta ke bukata ba. Sai ka tambayi me aka canza a ciki, kuma ko canjin ya shafi aikin da za ka yi.

Magariba ta same mu a Sakul, fitilun gada sun kama, masu toro-toro na kiran Nima da Mamobi. Ummi ta rungume jakar a ƙirji har muka sauka. Yanzu in ta zo hutun ƙarshen mako, takan ɗauki littafin bashina mai kunnuwan nan ta zuba shi a kwamfutar. Makon jiya ta gano wata mai sayen albasa a Madina da na manta ina bin ta buhu biyu tun kafin azumi. Na kira matar, ta ce ai ita ma tana ta mamakin shiruna.