Daga Tunga Zuwa Ibi a Kan Binuwai

Mutumin Lafiya ba ya lissafa kansa cikin mutanen ruwa. Mu doya muka sani da rogo da riɗi, sai jirgin ƙasa da ke ratsa garin ya nufi Makurɗi lokacin da yake da rai. Amma kogin Binuwai na nan kudu da mu, shi ne ya yi wa Jihar Nasarawa iyaka ta wannan ɓangaren. Wanda ya bi hanyar Obi ya wuce Awe, garin gishiri, a bakinsa zai tsaya, a Tunga.

Ina saurayi kawuna mai fataucin busasshen kifi ya ɗauke ni in riƙe masa jaka zuwa Ibi. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse, ruwan ja wur da laka. Kwalekwalen na katako ne, dogo, an ɗaura masa injin Yamaha a baya. Kafin a kira fasinja sai da aka jera buhunan shinkafa a ƙasa, aka ɗora babura biyu a kwance, aka ɗaure awaki a tsakiya, sannan aka ce mu hau kan buhunan. Da aka gama lodi, na miƙa hannu daga inda nake zaune na taɓa ruwa ba tare da na sunkuya ba. Wani yaro aka ajiye da yankakken galan, aikinsa kawai kwashe ruwan da ke tsatsowa ta tsakanin katakai, kuma har muka isa bai huta ba.

Na ce, "Kawu, wannan kayan bai yi yawa ba?"

Ya ce, "Rufe bakinka, yaro. Ba a wannan maganar a kan ruwa."

Cikin jirgin akwai Jukunawa masunta, da matan Tibi da kwandunansu, da wani Bafulatani da ya runtse ido tun daga tashi, leɓensa na motsi da salati. Hausa ce ta haɗa mu duka. Direban ba ya bin tsakiyar kogi kai tsaye. Launin ruwa yake karantawa: inda ya yi laushi yana murɗawa, ya san akwai tudun yashi ko kututture a ƙasa, sai ya kauce tun daga nesa. A wata kwana ya rage wuta ya nuna mana gaɓa, ya ce dorina na kwana a nan. Ban gan ta ba, amma hira ta ɗauke ɗif har muka wuce.

Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya ce ya yi dako a bakin ruwan Ibi da ƙuruciyarsa, shi ya buɗe mini ido. Ya ce wannan kogin da nake gani hanyar manyan jirage ce a da. Idan ruwa ya kawo, jiragen kamfanin UAC da na John Holt sukan taso daga Burutu da Warri, su biyo ta Lokoja da Makurɗi da Ibi, su wuce Yola har Garwa a ƙasar Kamaru. Su kawo gishiri da atamfa da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga. 'Yan watanni ne kacal, duk jirgin da ya yi jinkiri ruwa ya janye, sai yashi ya riƙe shi. Ibi kuwa tun zamanin Royal Niger Company tasha ce babba. Da muka sauka na ga tsofaffin gine-ginen Turawa a bakin gaɓa, ba kowa sai jemagu. Motocin tirela sun ƙwace kayan, yashi ya cike hanya, kuma tun da aka kammala madatsar Lagdo da ke saman kogin a 1982 ruwan ba damina kaɗai yake bi ba. Mutanen Tunga da Loko sun ɗanɗana haka a ambaliyar 2012, suka sake sha a 2022.

Abin da ya tuno mini da wannan tafiya shi ne bidiyon da ɗan ƙanwata ya nuna mini a waya, na jirgin shaƙatawa mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami ta Amurka a Janairun 2024. Yana cin mutum sama da 7,000, ban da ma'aikata, da wuraren wanka da gidajen abinci a ciki, unguwa guda a kan ruwa. Ya kuma nuna mini na kogin Nilu, masu kai 'yan yawon buɗe ido tsakanin Luksor da Aswan. Na Nilu ne ya tsaya mini a rai, don kogi ne irin namu. A can mutum na biyan kuɗi don ya kwana a kan ruwa. A nan ban taɓa ganin wanda ya shiga kwalekwale don nishaɗi ba, sai don kasuwa ko jana'iza ko rashin gada. Har bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi, da zai iya cika jirage da baƙi, yawancin masu zuwa mota ke kawo su ta Wukari.

Shi ya sa da aka buɗe gadar Loko zuwa Oweto a 2023 ban ji wanda ya yi kukan rabuwa da fito ba, in ban da masu jiragen. Ban ga laifin kowa ba. A watan Yunin shekarar mutum fiye da 100 suka halaka a hatsarin kwalekwale a kogin Neja kusa da Patigi, suna dawowa daga biki da dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da ke Lokoja ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar ruwa. Da na koma Tunga bayan haka na ga rigunan a rataye a wata rumfa, sababbi fil. Na tambayi wani direba ko fasinja na sawa, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, sukan sa in jami'i na kallo. Mu damuwarmu kuɗin mai, tun da aka cire tallafi sai jirgi ya cika maƙil muke tashi."