TAKALMIN DA KE KAMA FEDA

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in ja hankalinku kan kekunan tsere na gwanjo, masu siraran tayoyi, da samari suka fara hawa a nan Gyadi-Gyadi da Tarauni. Ni kaina da keke nake zuwa makaranta, shi ya sa idona ke kansu. Wasunsu fedarsu 'yar ƙarama ce, ba irin ta Raleigh da iyayenmu suka hau ba. An yi ta ne don wani takalmi mai ɗan ƙarfe ko roba a tafinsa. Kana takawa za ka ji ƙas, shi ke nan ƙafa ta ƙulle da feda.

Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da irinta a 1984, Bernard Hinault ya ci tseren Tour de France da ita a 1985. 'Yan wasan tirayatalon ma da ita suke aiki, wato masu haɗa ninƙaya da keke da gudu a jere. Wasan ya shiga Olamfik a 2000 a Sidni: ninƙaya kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Amfanin takalmin shi ne ƙafa ba ta zamewa komai gudu.

To amma ya kai ɗalibi, su fa a hanyar da aka rufe musu suke tsere. Kai kuwa Titin Zariya za ka hau, ga adaidaita sahu mai tsayawa ba sanarwa, ga masu tsallakawa Asibitin Malam Aminu Kano. Ƙafar nan ba ta fita in ka fizge ta sama, sai ka murɗa dunduniya waje. Wanda bai saba ba yana kama birki keke ya tsaya, ƙafa na ɗaure, sai ya zube gefe kamar buhu. Na ga haka da idona a Court Road. Allah ya taƙaita, gwiwa kawai yaron ya kurje, don motar da ke bayansa da ɗan nisa.

Saboda haka koyi fita kafin ka koyi gudu. Kai wa mai gyara ya sassauta ɗan sukurun da ke matse fedar. Jingina da bango, ka sa ƙafa ka cire, dama da hagu, har ya zame maka jiki. Sannan ka tafi filin ƙwallo inda babu mota. Kullum cire ƙafa ɗaya tun kafin ka tsaya, ka karkata ta ɓangarenta. Kada ka bar hular kwano a gida.

Ku kuma iyaye, in keken zuwa makaranta da aike ne, a canja masa feda mai faɗi. Silifas zamewa yake a kan 'yar ƙaramar nan.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya tsare mana ku, amin. Wassalam.