Ɗanmu da Littafin Kuɗi

Ɗanmu na fari ya sami aikin ƙaramin akawu a wani kamfanin sayen hatsi. Albashin kaɗan ne, shi kuwa bai taɓa riƙe littafin kuɗi ba. Kwana uku muna shawara da addu'a. Lissafi bai dame mu ba, gama ana koyonsa. Akwatin kuɗin ne abin tsoro, don Yahuza ma ma'ajin almajirai ne. Daga bisani muka ce masa, "Karɓi aikin, amma kada ka sa hannu sai ka ƙidaya. Kowane kobo da rasit ɗinsa, ka daidaita littafi kafin ka tashi." Daren nan mu ma muka buɗe littafin baikon ikkilisiya da ke hannunmu, muka sāke ƙidayawa.